Daga Tafiyar Ƙafa Zuwa Zaman Kujera: Gadarif, Ciwon Zuciya da Aikin Ma'aikatan Jinya

Gadarif babban gari ne a gabashin ƙasar Sudan, wajen kilomita 400 daga Kartum, ba nisa da iyakar Habasha. Ƙasar wurin baƙar laka ce, wadda takan tsattsage da rani, ta yi danƙo da damina. Dawa da riɗi suna yi ƙwarai a cikinta, har akan ce da yankin rumbun Sudan. Wanda ya shiga kasuwar garin zai ji Larabci, zai kuma ji Hausa, gama akwai dubban Hausawa a can waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano, Katsina, Sakkwato da Borno, yawancinsu da ƙafa.

A shekara ta 2020 waɗansu likitocin Sudan suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a Gadarif. Sun gwada jinin manya 600, maza da mata, suka tarar kusan mutum 4 cikin kowane 10 suna da hawan jini. Wannan abin a tsaya a yi tunani ne. Yaya aka yi garin da matafiya da manoma da makiyaya suka gina ya zama wurin da cutar rashin motsi ta sami gindin zama haka? Yaya kuma masu aikin asibiti suka gane cewa tafiya da ƙafa magani ce, bayan sun daɗe suna hana masu ciwon zuciya ko da juyawa a kan gado? Tarihin nan biyu ne za mu bi, mu ga inda suka haɗu a hannun nas.

Hanyar gabas

Tun da daɗewa Musulmin ƙasar Hausa masu niyyar aikin haji sukan bi hanyar gabas. Daga Kano sai Borno, a kewaye tafkin Cadi, a ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, a haye kogin Nilu, sa'an nan a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Daga Kano zuwa Sawakin ya fi kilomita 3,000. Attajiri yakan hau raƙumi ko doki, mai ɗan hali ya ɗora kaya a jaki, talaka kuwa ya ɗauki nasa a kai. Guzuri ba ya kai mutum, saboda haka in ya ƙare sai a yada zango a yi aiki. Wani ya yi noma damina ɗaya ko biyu, wani ɗinki, wani wanzanci, wani ga-ruwa, wani ya buɗe makarantar allo. Tafiyar takan ci shekaru. Akan haifi yaro a hanya, ya isa Makka yana tafiya da ƙafarsa.

Da yawa ba su koma gida ba. Mutanen Sudan suka riƙa kiransu Takari ko Fallata. Garin Galabat, a kan iyakar Habasha kudu da Gadarif, mazaunin irin waɗannan baƙi ne tun ƙarni na 18.

Ƙaura mafi girma ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. Aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira har suka kai bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, suka kafa gari wanda har yau ake kira da sunansa. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aka bukaci hannaye masu yawa. Mutanen yamma suka cika wannan gurbi, daga nan kuma suka bazu zuwa Gadarif da Kasala da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan na jin daɗi ne. Agana, zazzaɓi, kwalara, yunwa da 'yan fashi sun cinye mutane da yawa a hanya, mata kuma sun mutu wurin haihuwa. Kaɗan ne suka kai shekarun da ciwon zuciya ya fi kama mutum. Duk da haka abu ɗaya tabbatacce ne, wato jikinsu bai san zama ba. Namiji yana sassabe da huɗa da fartanya, mace tana daka da niƙa da ɗebo ruwa da itace. Ba wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki, gama abincin ranar ma sai an motsa ake samunsa.

Jirgin ƙasa, tarakta da raksha

A dā ana kiran Gadarif Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar Larabawan Shukriyya. Kasuwar ayari ce. Canji ya soma da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso daga Kasala a 1928, ta wuce ta haɗu da Sannar a 1929. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Turawa ta kawo tarakta yankin Gadambaliya kusa da Gadarif don a noma dawa mai yawa. Nan ne mafarin noman inji a ƙasar da ta dogara ga ruwan sama a Sudan. A 1968 aka kafa hukuma musamman don wannan irin noma, aka yi ta yanka manyan filaye ana ba 'yan kasuwa. A shekarun 1970 kwalta ta iso daga Wad Madani, zuwa 1980 ta dangana da Port Sudan. A wancan gefe kuma, tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, hanyar ƙasa ta yi ta mutuwa a hankali.

Tarakta ba ta kawar da aikin hannu duka ba. Har yanzu cire ciyawa da yankan riɗi na 'yan ƙodago ne, masu zuwa ci-rani daga yammacin Sudan da Habasha. Amma a cikin gari wani sabon irin mutum ya bayyana: mai gona wanda ba ya riƙe fartanya, dillalin riɗi, direban babbar mota, akawu, mai kanti. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse. Daga baya raksha ta zo, wato keke mai ƙafa uku irin wanda mutanen Kano suke ce wa a-daidaita-sahu, har tafiyar da ba ta kai ta minti 10 ba sai an hau. Abinci kuma ya sake. Shayi mai sukari da yawa safe da rana da dare, mai a cikin miya, gishiri, burodi, lemon kwalba, ga taba. Jikin da aka gina domin aiki ya koma yana karɓar abincin ma'aikaci ba tare da aikin ba.

A 1929 wani likita Bature mai suna Donnison ya rubuta cewa cikin marasa lafiya wajen 1,800 da aka kwantar a asibitinsa a Kenya bai ga mai hawan jini ba. Shekaru da yawa likitoci suna koya wa ɗalibai cewa wannan cuta ta Turawa ce. Yau kuwa Afirka tana cikin sassan duniya da hawan jini ya fi yawa.

Yadda abin yake a cikin jiki

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da kwana, tana zagaya da jini kimanin lita 5. Ita kanta tana da ƙananan jijiyoyi masu ciyar da ita. In kitse ya yi ta taruwa a bangon jijiyoyin nan sai hanya ta ƙuntata, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu. Ran da gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya, wani sashe na tsokar ya mutu, shi ne bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa abin ya faru, sai shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, taba da yawan zama su ne manyan masu share wa wannan cuta hanya. Mugun abu game da hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum yana iya shekara 10 da shi bai ji kome ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya.

Zamanin kwanciya

Tun a 1772 wani likitan Ingila, William Heberden, wanda ya fara bayyana ciwon ƙirjin nan filla-filla, ya ba da labarin wani mai ciwon da ya ɗora wa kansa yankan katako da zarto rabin sa'a kullum, har ya kusa warkewa. Ba a kula da wannan magana ba. Bayan da James Herrick na Amurka ya bayyana yadda jijiyar zuciya take toshewa a 1912, sai likitoci suka tsaya a kan cewa zuciyar da ta ji rauni hutu take so. Aka riƙa kwantar da marar lafiya mako 6 cur. Nas ce take ba shi abinci a baki, ta yi masa wanka, ta juya shi, ko bayan gida ba ya tashi. Babban aikinta a lokacin shi ne ta tabbata bai motsa ba. Da yawa suka mutu a gadon, ba don zuciyar kaɗai ba, amma don jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu, ko ciwon haƙarƙari ya kama su. Waɗanda suka tashi kuma suka tashi da raunin jiki da karyewar zuciya.

A 1952 likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka buga labarin abin da suka gwada. Sun riƙa ɗaga masu bugun zuciya daga gado suna zaunar da su a kujera 'yan sa'o'i kowace rana. Abokan aikinsu da yawa suka ga kamar ganganci ne, amma marasa lafiyar suka fi samun sauƙi. A watan Satumba na 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya sami bugun zuciya. Likitan da aka kira, Paul Dudley White, mutum ne mai son tafiya da ƙafa da hawan keke. Bai bar shugaban ya zama naƙasasshe ba, ya sa ya koma aiki da motsa jiki a hankali, har ya sake cin zaɓe a 1956. Mutanen ƙasar duka suka gani.

Wani gwaji da aka yi a Dallas a 1966 ya ƙara fito da gaskiyar. Aka kwantar da samari 5 lafiyayyu, 'yan shekara 20, mako 3 a gado. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake gwada mutanen nan, aka tarar tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako 3 ta yi ba.

Direba da kwandasta

Wancan game da wanda ya riga ya kamu ke nan. Batun rigakafi kuwa, daga motocin haya na birnin Landan ya fito. Bas ɗin birnin mai bene ce. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, yakan taka matakala ɗaruruwa kowace rana. Dokta Jeremy Morris ya bi lafiyar ma'aikata wajen 31,000, ya buga sakamakon a 1953. Kwandastoci ba su kamu da ciwon zuciya kamar direbobi ba, in ma sun kamu bai cika kashe su nan take ba. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya tarar haka abin yake tsakanin masu raba wasiƙu da ƙafa ko keke da masu zama a ofis.

Masu gardama suka ce ai wataƙila masu ƙiba ne tun farko suke zaɓen tuƙi. Morris ya je ya duba awon wandunan aiki da kamfanin yake ɗinka musu. Gaskiya ne direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko an gwada masu ƙugu ɗaya, kwandasta ya fi tsira. Shi kansa Morris ya riƙe abin da ya gano, yana tafiya yana iyo har tsufansa. Ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Dalilin a fili yake yanzu. Tafiya mai ɗan sauri tana ƙarfafa tsokar zuciya, tana sassauta jijiyoyi har hawan jini ya ɗan sauka, tana taimakon jiki ya ƙone sukari, tana rage kitsen ciki, tana kawo barci mai kyau.

Yadda aikin ya faɗo hannun nas

Sanin abu daban, sa mutum ya aikata shi daban. Likita yakan ga marar lafiya minti kaɗan, ya rubuta magani ya wuce. Nas ce take tare da shi dare da rana, ita ce ta san matarsa da 'ya'yansa da abin da ake kawo masa a kwano. A 1962 aka fara buɗe ɗakuna na musamman don masu bugun zuciya a Amurka. A Filadelfiya, Dokta Lawrence Meltzer da wata nas mai suna Rose Pinneo suka nuna cewa in an horar da nas za ta iya karanta injin awon zuciya, ta ceci rai kafin likita ya iso. Daga nan girman aikinta ya ƙaru. Wadda a dā take tsaron marar lafiya kada ya motsa, ita ce yanzu take kama hannunsa ta zaunar da shi, gobe ta tsayar da shi, jibi su taka zuwa ƙofa.

A 2008 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe 8 na Turai, mai suna EUROACTION. Aka ba ma'aikatan jinya jagorancin shirin gyara abinci, barin taba da motsa jiki, ga masu ciwon zuciya da waɗanda suke cikin haɗarin kamuwa. Ba marar lafiya kaɗai suka kira ba, har da mata ko miji. Bayan shekara guda, waɗanda suka cika ma'aunin motsa jiki a cikin shirin sun ninka na asibitocin da aka bari a kan yadda aka saba. Darasin shi ne, mutum ba ya sake hali shi kaɗai, sai gidansa ya sake tare da shi.

Ma'aikatan jinya a Sudan

Sudan tana da tsohon tarihi na horar da mutanen gari su yi aikin lafiya. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba, sai ta koya musu gane magunguna ta wari da ɗanɗano da taɓawa. Ɗaya daga cikinsu, Sitt Batul Muhammad Isa, ta zama malama a makarantar, ta horar da mata da yawa. A 1924 aka buɗe makarantar likitoci ta Kitchener a Kartum, a 1956 kuma, shekarar samun mulkin kai, aka kafa kwalejin ma'aikatan jinya. Gadarif ta sami jami'arta a 1994, babban asibitin garin kuma asibitin koyarwa ne.

Amma cututtukan da aka shirya waɗannan ma'aikata su yaƙa su ne masu kama mutum yau su kayar da shi gobe: zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, gudawa, wahalar haihuwa, da kala'azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro yake yaɗawa, wadda kuma ta addabi ƙauyukan jihar Gadarif ƙwarai. Waɗannan ba su tafi ba, ga hawan jini da ciwon sukari sun zo sun tarar da su. Likitocin zuciya kaɗan ne, kafin yaƙin 2023 kuma yawancinsu a babban birni suke. Shi ya sa a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsari domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda nas ko malamin asibiti a ƙaramin ɗakin shan magani zai gwada jini, ya auna ƙugu, ya ba da magani mai sauƙi da shawara.

Ya kamata a bambanta, gama ba kowane ciwon zuciya ne na rashin motsi ba. Akwai wanda yake farawa da ciwon maƙogwaro a yaro, in ba a yi magani ba ya lalata ƙofofin zuciya. Domin irin wannan ne ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe asibitin Salam a Soba kusa da Kartum a 2007, don yin aikin zuciya kyauta. Akwai kuma na masu jego. A shekarun 1970 likitoci Parry da Davidson a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka lura da yawan matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da gadon wuta. Mai irin waɗannan ba a ce masa ya tashi ya yi sauri. Sai an gwada shi tukuna. Rarrabe wanda tafiya za ta taimaka da wanda za ta cuta yana cikin abin da ya sa aikin yake bukatar horarren mutum.

Abin da nas za ta faɗa

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 shi ne babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici kowane mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin sa'a, kwana 5 a mako. Hukumar ta ƙara da cewa ko kaɗan ya fi babu. Amma lissafi ba ya shiga kunnen dattijo sai an juya shi ya dace da rayuwarsa. Nas mai hikima ba za ta ce wa mai shekara 60 ya sayi takalmin gudu ba. Za ta ce, "Baba, daga gida zuwa kasuwa minti nawa ne da ƙafa? To, gobe a bar raksha. A fara da minti 10, mako mai zuwa a ƙara 5. A yi saurin da za a iya magana amma ba za a iya waƙa ba." Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai duwatsu uku a hanyarta. Na fari zafi ne, gama daga Maris zuwa Mayu zafin Gadarif yakan wuce awo 40, da damina kuma laka takan kama ƙafa. Saboda haka sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a hannu. Na biyu girma ne. A wurinmu, kamar a wurinsu, tumbi alamar wadata ce, babban mutum kuma in an gan shi a ƙasa sai a ce ko karayar arziki ce ta same shi. Na uku na mata ne. Matar da ba ta cika fita ba, ga inji ya karɓe daka, ga 'yan mata suna yin shara, ita ce ta fi kowa zama. Ita nas za ta ce, "Inna, a zaga tsakar gida sau 20 da safe, 20 da yamma. In za a je barka ko gaisuwa a unguwa, a haɗu da maƙwabta a taka." Za ta kuma yi magana da maigida, don in bai gane ba maganar ta mutu a ƙofar asibiti.

Sa'an nan akwai gargaɗi. Wanda ya ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, ko jiri, ya tsaya nan take ya nemi asibiti. Wanda jininsa ya hau ƙwarai sai an sauko da shi da magani kafin ya fara. Mai ciwon sukari ya sa takalmi mai rufi, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya riƙe dabino biyu ko uku saboda faɗuwar sukari. Tafiya ba ta maye gurbin ƙwayar magani, abokiyar aikinta ce. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Yaƙi da masu gudun hijira

Nauyin da yake kan ma'aikatan jinya na Gadarif ya ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan. A watan Nuwamba na 2020 dubban mutane suka ƙetaro daga yankin Tigrai na Habasha, aka sauke su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojan ƙasa da rundunar RSF. Kwalara ta ɓulla a Gadarif a wannan shekara. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, yaƙi kuma ya kai jihar Sannar a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo jihar, aka cika makarantu da su. A cikinsu akwai tsofaffi masu hawan jini da ciwon sukari waɗanda maganinsu ya yanke, ga fargaba, ga zaman wuri ɗaya ba aikin yi. A irin wannan hali, shawarar da ba ta bukatar kuɗi ko lantarki ko firji tana da daraja ta musamman, ko da yake ba za ta taɓa isa ita kaɗai ba.

Darasi gare mu

Labarin Gadarif namu ne. Abin da tarakta da raksha suka yi a can, shi babur da injin niƙa da talabijin suka yi a Kano, Zariya, Jos da Maraɗi. A cikin ikilisiya ma haka ne. Masu bishara na fari sun ratsa ƙauyuka da ƙafa, na bayansu da keke, na bayansu da babur. Yau shugabanni da yawa daga mota sai kujerar taro, an kuma sha binne bayin Allah masu amfani tun ƙarfinsu bai ƙare ba, ana cewa faɗuwa kawai suka yi.

Muna da abin da za mu gina a kai. Asibitocin mishan irin na Vom, Wusasa da Galmi sun horar da ma'aikatan jinya masu yawa. A Garkida, tun 1974, shirin lafiya na karkara ya koya wa mutanen ƙauye su yaɗa ilimin lafiya ta hanyar tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo. Hanyar da ta koya wa uwaye maganin gudawa za ta iya koya wa iyaye maza rage gishiri da taka ƙasa. Kusan kowace majami'a tana da nas ko malamin asibiti a cikin membobinta. Me zai hana a ba shi minti 15 bayan sujada sau ɗaya a wata, ya gwada jinin jama'a, a kuma buɗe ƙofa ga maƙwabta na kowane addini? Me zai hana Zumuntar Mata, in za su ziyarar marasa lafiya a cikin unguwa, su tafi da ƙafa? Dattijon da nas 'yar cikinsa ta ba shi shawara, kada ya ce yarinya ce. Rigakafi ya fi magani.

Jikin nan amana ce daga wurin Mahalicci, za mu kuwa ba da lissafin yadda muka riƙe shi. Bari mu tuna da ma'aikatan jinya na Gadarif da na dukan Sudan cikin addu'a, Allah ya ba su ƙarfi da haƙuri, ya kawo salama a ƙasarsu. Mu kuma ya ba mu hikimar jin shawara tun muna tsaye da ƙafafunmu. Amin.